Farar Rigar Moctar

Duk wanda ya zauna a gidajen hayar nan na bayan High Point Road wajen shekara ta dubu biyu da huɗu ya san Fassouma tela. Ko bai san sunanta ba ya san ƙarar kekenta, domin bangon gidajen ba bango ba ne, kwali ne aka shafa wa fenti. 'Yar Damagaram ce, doguwa, mai ƙarancin fara'a. Ba fushi take ba, haka Allah ya yi fuskarta. Mahaifinta tela ne a bakin kasuwa, kuma da yake 'ya'ya mata ya yi ta samu, ita ya zaunar kusa da keke tun tana ƙarama, tana zura masa zare a allura har hannunta ya faɗa. Abin da ta gada a wurinsa bai tsaya ga ɗinki ba, har da wata cuta: ba ta iya barin aiki rabi da rabi. Ko tsumman goge tukunya ta yanka sai ta kalmashe bakinsa ta bi shi da keke. Mijinta Zabeirou yakan ce in aka ƙyale ta, ledar shara ma sai ta yi mata aljihu.

Zabeirou ne ya fara zuwa Greensboro ta Amirka, ya kama tuƙin tirela, irin aikin da mutum zai bar gida Litinin a sake ganinsa Asabar, shi ma in an yi sa'a. Ita ta biyo baya da ɗansu Moctar yana ɗan shekara uku, a nan kuma ta haifi Zahara. Ta zo da zaton ɗinki zai riƙe ta. Ina! Matan Nijar suna nan da yawa a garin, amma kowacce jira take wani ya dawo daga gida ya kawo mata ɗinkakke. Sai ta nemi aiki a ɗakin wanki na wani otal, daga bayan azahar har a yi isha'i, tana ninke zannuwan gado. Ɗinki ya koma na Asabar da Lahadi da gabannin salla.

To, wa zai riƙe yara? A nan Mama Odessa ta shigo.

Tsohuwa ce baƙar fata, 'yar ƙasa, da ke zaune ita kaɗai a ɗakin ƙasa, daidai ƙarƙashin nasu. Ta yi aiki a masaƙa har gwiwoyinta suka ƙi, aka sallame ta da fansho. Ranar da suka fara haɗuwa faɗa ne ya kawo ta. Ta tako matakalar ƙarfen nan da sandarta don ta ce ƙarar keke ta hana ta barcin rana. Fassouma ta buɗe ƙofa da riga a hannu. Tsohuwa ta buɗe baki za ta fara, sai idonta ya faɗa kan ɗinkin. Ta karɓa, ta juya cikinsa, ta bi kalmasar da babban yatsa, ta manta abin da ya hawo da ita. Washegari ta dawo da rigunanta na coci a rage mata ƙugu. Fassouma ta gyara ta ƙi karɓar ko sisi, don a inda ta tashi ba a karɓar kuɗin sa'ar uwa. Ita kuma tsohuwa ba ta son a yi mata alheri ta tsaya hannu sake, sai ta nuna yaran da sanda, ta nuna ƙasa, ta ce a riƙa sauko mata da su.

Yarjejeniyar ke nan, ba takarda ba shaida. Zahara tana yini a can, Moctar kuwa in motar lakwal, wato makaranta, ta sauke shi can yake wucewa. Mama Odessa ta koyi duba bayan gwangwani don kada ta ba su naman alade, ta koyi cewa "zo nan" da "bari", duk da dai ta fi amfani da "bari". Turancin Fassouma bai wuce na gaisuwa da na otal ba, don haka Moctar ne tafintansu, in ya ga dama. In bai ga dama ba sai su zauna da ƙyalle a tsakaninsu, kowacce tana nata yaren, kuma hira ta yi daɗi. Lokacin da aka bugo waya cewa mahaifiyar Fassouma ta rasu a Damagaram, Zabeirou yana can wata jiha da kaya, a cinyar tsohuwar nan ta yi kukanta. Ƙofar ƙasan nan ita ke riƙe da aikinta, ita ce kuma kaɗai ƙofar da take shiga ba kunya a duk faɗin Amirka. Ta san in ta rufe ba ta da wata.

Shekarun baya, in daren Halloween ya zo, kashe fitila suke yi su zauna a ɗaki, bisa umarnin Zabeirou. A masallaci ma an sha faɗa cewa bikin aljanu ne, Musulmi ba shi da rabo a ciki. Amma a shekarar nan Moctar ya kai bakwai, ya yi abokai, kuma tun farkon Oktoba ba maganar da ake yi a ajinsu sai ta kayan da kowa zai saka da buhun alewar da zai tara. Bai yi rigima ba. Ya dai tsaya kusa da keke ya ce, "Everybody's going, Mama," wai kowa zai je, sannan ya koma ya zauna ya zuba wa bango ido.

Moctar ɗan fari ne, kuma Fassouma 'yar gargajiya ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ba ta rungumarsa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Malamarsu ta taɓa tambaya ko ɗan riƙo ne. Duk son da take masa, ta keke yake fita: babu yaron da ya kai shi kyan wando a makarantar nan.

An yi dace kuma bikin ya faɗo tsakiyar azumi. Da ta zauna ta auna abin da kanta, sai ta ga ai ba baƙo ba ne. Yara su yi shigar ban dariya, su bi gida gida bayan shan ruwa, a ba su abin da ya samu, wannan ai tashe ne. Ita ma ta yi, da tsohuwar rigar babanta da gemun auduga, har aka kore ta don na maza ne. Ta faɗa wa Zabeirou haka a waya. Ana jin ƙugin mota, ya ce, "Bon. Ni ban ji ba, ban gani ba. Kada dai mutanenmu su gan ku, in shiga masallaci a yi ta kallona."

Saboda wannan sharaɗin ta ɓoye aikin ga kowa, har da waɗanda da sun gani da sun tsayar da ita.

Ranar Asabar ta kwashi yaran suka shiga babban kanti su duba kayan. Ta ɗaga wata riga ta duba kuɗinta, ta ga ya kai cefanen sati. Ta juya cikinta, ta ja ɗinkin da yatsa biyu ya buɗe baki. Ta yi wani dogon tsaki har wata mata ta waiga. Wannan ledar za a saya a saka sau ɗaya a zubar? Allah ya kiyaye. Ta zagaya dai ta ƙare wa kayan kallo irin na tela, abin da ya zauna mata a ido kuwa shi ne hulunan: baƙaƙe, jajaye, masu ruwan goro, kusan duk dogaye ne masu tsini a sama. Ta riƙe a ranta cewa hular bikin nan tsini gare ta.

Na Zahara bai ba ta wuya ba. Ta lanƙwasa wayoyin rataye kaya da ta samo a otal, ta ja tsohon gyalenta mai ruwan ƙwai a kai, ta liƙa ɗige-ɗige, yarinya ta zama malam-buɗe-littafi. Moctar kuwa, da ya ga fuskar uwarsa a kanti, sai ya sauko da burinsa ƙasa. Ya ce shi fatalwa zai zama. Ba sai an sayi komai ba, farin zanen gado kawai za a huda wa ido biyu a lulluɓa masa. Zanen gado kuwa shi ne abin da Fassouma ta fi kowa arziƙinsa, don otal na ba ma'aikata waɗanda suka tsufa.

Ta ɗauko ɗaya ta yafa masa tun daga kai har ƙafa don ta ga tsayi. Yaro ya tsaya cak a tsakar ɗaki, fari sol, ba hannu ba fuska. Ta ce, "A'uzu billahi!" ta fizge zanen da ƙarfi har ya yi tangal-tangal. Likkafani ta gani. Ɗanta na fari a cikin likkafani, da hannunta, a watan azumi. Ta zauna bakin kujera sai da numfashinta ya dawo.

Da wata uwar ce, da ta ce a fasa. Fassouma tela ce, sai ta ce a gyara. Likkafani dai ba shi da hannu, ba shi da wuya, ba a yi masa guga, ba a raba masa kai da jiki. To, za ta yi masa duk waɗannan, ta ga ta inda zai yi kama da likkafani. Ta yanka doguwar riga har idon sawu, mai faɗin hannu, ta kalmashe ko'ina. Ta yanka hula daban, doguwa mai tsini yadda ta gani a kanti, ta sa mata kwali a ciki don ta tsaya, ta sauko da ita har kafaɗa ta rufe fuska, ta fitar da ido biyu ta bi bakinsu da zare don kada su zare. Ta sa sitaci, ta goge har rigar tana iya tsayuwa da kanta. Wallahi aiki ya yi kyau, wannan ba a ja mata. Moctar ya saka ya duba madubi ya yi tsalle. Ita kuma ta ce, "Kai, tsaya mana kada ka yamutsa," ta juya baya don kada ya ga tana murmushi.

Mama Odessa ta yi ta tambayar yaran me za su zama, suka ce sirri ne. Ta yi dariya ta ce to, ƙofarta za su fara ƙwanƙwasawa, ta tanadar musu irin alewar da ba a ba kowa.

Ranar Lahadi ce. Suka sha ruwa, Fassouma ta yi magariba, ta shirya yaran suka sauko. Gari bai gama duhu ba, yaran maƙwabta sun fara fitowa da bokitansu can gefen wurin ajiye motoci. Moctar ne a gaba, Zahara na binsa fukafukanta na karo da ƙarfen matakala. Fassouma ta tsaya baya kaɗan, ta naɗe hannu a ƙirji, tana jiran yabo. Yaro ya ƙwanƙwasa.

Mama Odessa ta buɗe da babban kwano a hannu da dariya a baki. Dariyar ta tsaya. Kwanon ya suɓuce ya bugi ƙasa, alewa ta watse har ƙarƙashin matakala. Tsohuwa ta ja da baya ta dafe ƙirji, wani sauti ya fito daga maƙogwaronta.

Fassouma kuwa ta tuntsire da dariya har da tafi. Ai an ce mata a bikin nan manya sukan yi kamar sun tsorata don su faranta wa yara. Ta ce a ranta, kai, tsohuwar nan ta iya wasa.

Sai Mama Odessa ta ɗago ta dube ta. Ta yi magana da wata murya da Fassouma ba ta taɓa ji ba, kuma ba ta buƙaci tafinta ba: a cire masa, a cire masa yanzu. Ta turo ƙofa ta rufe, suka ji ta murza makulli ta ja sarƙa. Can ƙetare wani saurayi ya tsaya da bokitin ƙanwarsa yana nuno su yana ɗaga murya. Fassouma ta fizge hular daga kan ɗanta, ta sungumi Zahara da ke tsintar alewa, suka haye sama. Tashen ke nan, ƙofa ɗaya.

Moctar ya cire rigar da kansa ya ajiye a kan kujera, ya je ya kwanta ya fuskanci bango. Ta tambaye shi me tsohuwar ta gani. Ya ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ta tsaya a kansa hannunta na son ya taɓa shi, ta ƙare da ja masa bargo kawai. Ta rataye rigar a jikin ƙofa ta yi ta kallonta. Ta duba tsayi, ta duba hannu, ta duba wuya, ba ta ga aibu ba.

Washegari da rana ta sauko da Zahara kamar kullum. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, ta kira "Mama". Tana jin motsin sanda a ciki, amma ba a buɗe ba. Ta buga waya otal ta ce ba ta da lafiya. Talata ma haka. Shugabarsu ta ce mata a sarari, in ba za ta iya ba akwai masu jiran gurbin. Zabeirou da ya ji, cewa ya yi ai ga irinta nan, su nemi wani gida su tashi. Ta ajiye wayar. Tsoro take ji, kuma abin da ya fi tsoron ciwo, ba ta san laifin da ta yi ba balle ta nemi gafara.

Ana haka Ruƙayya ta zo awon kayan salla. 'Yar Kano ce da ke karatun digiri na biyu a jami'a, mai surutu, tun daga matakala ake jin ta. Ta shigo tana ba da labarin wani malaminsu, ta juya za ta ajiye jaka, ta yi ido biyu da abin da ke rataye a ƙofa. Maganar ta mutu a bakinta.

Ta ce, "Inna lillahi! Anti Fassouma, mene ne wannan? Wa ya kawo miki wannan ɗinkin?"

"Ba kowa. Na yaron nan ne, na tashensu."

"Ya saka? Ya fita da shi waje?"

"Ƙofar Mama kawai muka je."

Ruƙayya ta dafe kai da hannu biyu ta zauna a kan yadin da ta kawo. Sannan ta yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Ta ce a ƙasar nan, musamman nan kudu, akwai wata ƙungiya ta fararen fata da ta daɗe tana farautar baƙaƙe. Suna ƙona gidaje da coci, suna rataye mutane a bishiya. Kuma in za su fita, kayan da suke sakawa ke nan: farar riga har ƙasa, doguwar hula mai tsini, ido biyu. Ta ce, "Anti, ba kama ya yi da shi ba. Shi ne. Duk baƙin mutum mai shekarun Mama Odessa, ko dai ya gan su da idonsa ko an kashe masa wani."

Da Fassouma ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kuma na yi dariya." Ta sake cewa, "Ruƙayya, har tafi na yi." Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Ta tashi ta sauke rigar, ta murƙushe hular da ƙafa, ta cusa su a baƙar leda ta ɗaure. Ruƙayya ta ce ta bar mata, za ta jefar can nesa da unguwar.

A gida, in ka yi wa babba laifi irin wannan, dattijo kake nema ya shige maka gaba. Fassouma ta duba ta ga dattijuwar da take da ita ɗaya ce, ita ce kuma aka yi wa laifin. Sai ta dafa dambu da miyar da tsohuwa ke so, ta rufe a kwano, ta roƙi Ruƙayya ta dawo da la'asar ta yi mata tafinta. Suka sauka. Ruƙayya ta yi magana ta jikin ƙofa, ta faɗi ko ita wace ce, ta ce Fassouma ba ta san ma'anar kayan ba sai yau. Aka daɗe. Sannan sarƙa ta yi ƙara.

Kafin ƙofar ta gama buɗewa Fassouma ta zube gwiwa biyu a kan siminti, kai a ƙasa, kwano a gabanta. Wannan ma bai yi wa tsohuwa daɗi ba. Ta buga sanda ta ce a gaya mata ta tashi, ba a durƙusa wa kowa a ƙofarta, an yi durƙuson da ya isa a ƙasar nan. Ta juya ta shiga ta bar ƙofar a buɗe, suka bi ta.

Tsohuwa ta rame a 'yan kwanakin. Ta zauna a kujerarta ta saurari duk bayanin, na likkafani, na hulunan kanti, na tashe. Ba ta katse ba. Da aka gama ta ce ta sani, tun a daren ta san ba da gangan ba ne. Sannan ta ba da nata labarin, Ruƙayya na fassarawa.

Ta ce tana yarinya a ƙauye, mahaifiyarta wanki da guga take yi wa wani gidan fararen fata. Wani lokaci a cikin kayan wankin sai a haɗo da irin rigunan nan, ba mai cewa komai. Uwar ta wanke, ta sa sitaci, ta goge, ita kuma Odessa tana riƙe mata hannun rigar don kada ya taɓa ƙasa. Ranar da wanta ya yi musu da wani mai kanti, da yamma mutanen suka zo sanye da rigunan suka jeru a gaban gidansu. Suna leƙe ta tagar kicin, uwar ta ce mata a hankali, "Gugata ce." Kafin gari ya waye an saka wan nata a mota an yi arewa da shi, bai sake kwana a gidan ba har uwarsu ta mutu.

Ta dubi Fassouma ta ce, "Taki gugar ma ta yi kyau. Irin ta mahaifiyata."

Fassouma ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Tsohuwa ta ce ba wannan ne ya hana ta buɗe ƙofa ba. Ta ce, "Na ga takalminsa. Ni nake ɗaure masa igiyar takalmin nan kullum, na san shi ne. Amma duk da haka na ji tsoronsa. Yaron da na raina, na rufe masa ƙofa na ja sarƙa. Ke kika sa ni haka, kuma ban gama jin haushinki ba, kada a ɓoye miki." Ta jawo kwanon ta buɗe ta shinshina, ta rufe. Ta ce gobe a sauko mata da su.

Fassouma ta hau sama tana hamdala, a zatonta magana ta ƙare. Da ta gaya wa Moctar cewa gobe wurin Mama zai sauka, bai ce to ba, bai ce a'a ba. Wannan shirun ya tsaya mata a rai. Washegari ta kai Zahara, aka karɓe ta, sannan ta roƙi otal su yi mata haƙurin awa guda. Ta koma ɗaki ta kulle kanta don yaron ya zaci ta tafi aiki, ta tsaya bayan labule inda take hango matakala.

Motar lakwal ta tsaya, yara suka watse. Moctar ya taho da jakarsa a baya. Ya zo daidai ƙofar Mama Odessa, wadda aka bari a buɗe dominsa, ya tsaya. Ya dube ta. Sai ya wuce, ya hau matakala zuwa tsakiya ya zauna, ya rungume jakar a ƙirji. Da sanyi ranar, ƙarfen kuwa ya fi iskar sanyi. Hannun Fassouma ya kai kan makulli, ta janye shi.

Can sai ga sanda ta leƙo, sannan mai sandar. Mama Odessa ta ɗaga kai ta gan shi. Ba ta kira shi ba. Ta kama ƙarfen ta fara hawa, ƙafa ɗaya, hutu, ƙafa ɗaya, tana nishi, har ta zo ƙasa da shi kaɗan ta juya ta zauna da ƙyar. Ba wanda ya dubi wani. Ta tagar da ba ta gama rufuwa ba Fassouma na jin su, kuma Turancin ya yi sauƙin da ta gane.

Yaro ya ce, "I was a ghost." Fatalwa ce kawai.

Tsohuwa ta ce ta sani.

Ya ɗan jima yana wasa da zip ɗin jaka, sannan ya tambaye ta ko har yanzu tana jin tsoronsa.

Ta ce, "Kaɗan. Kai fa, kana jin tsorona?"

Ya ce kaɗan.

Ta gyaɗa kai, ta gyara zaman gwiwarta da hannu biyu. Ta ce to, sai su zauna a nan har ya wuce.

Matakalar ɗaya ce, ba wata hanyar sauka. Fassouma ta duba agogo, ta ajiye jakar aikinta, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa. Tana ji bas ɗin da za ta kai ta otal ta tsaya a bakin titi, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi. Ba ta tashi ba.